Fararen Ɓerayen da Dogo Ya Bari

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga sabuwa, a Gidan Na'Allah, wani ƙauye da ke arewa da Cadawa, ba zancen tuta ake yi ba. Zancen ɓerayen Mariyama ake yi.

Babu wanda bai san ɓera ba a ƙasar nan. Shi ne mai huda rumbu ta gindi, shi ne mai tone irin gyaɗa tun mai shuka bai kai ƙarshen kunya ba. Amma ɓeran da ake auna wa gero a tafin hannu, a canza masa shimfiɗar ƙaiƙayi, a kore masa kyanwa, wannan sai a gidan Dogo. Ga su farare tas kamar auduga, idanunsu jajaye.

Dogo tsohon soja ne. Da yaƙin Nasara ya ƙare bai dawo gida ba, ya tsaya Dakar, ya samu aiki wurin wani lokotoro, wato likita, Bafaranshe wanda ba mutane yake dubawa ba, ɓeraye yake dubawa. Daga baya ya aiko aka kai masa matarsa Mariyama, ta bar autarsu Habi a hannun kaka. Ita ma ta shiga aikin, tana wanke keji, tana zuba ruwa, tana raba masu ciki da sauran. Da maganar 'yancin kai ta yi ƙarfi aka kira lokotoron gida, ya ce da Dogo ya juye ɓerayen cikin bokitin ruwa. Dogo ya ce to. Ya kuwa juye, amma ba duka ba. Sauran ya zuba su a akwatin ƙarfensa na soja da ya huhhuda da ƙusa, suka biyo jirgin ƙasa da motocin kaya har Cadawa.

Gida biyu ne ɓerayen, haka Dogo ke kiransu. Akwai masu tsage a kunnen dama, irin shaidar da ake yi wa awaki, akwai masu lafiyayyen kunne. Ba a haɗa gidajen aure. A cikin kowane gida wa da ƙanwa ake haɗawa, abin da Mariyama ta daɗe ba ta iya yi sai da istigfari, har Dogo ya gaji ya ce mata ɓera ba shi da liman. Gero ɗaya suke ci, ruwa ɗaya suke sha, ɗaki ɗaya suke kwana. Amma a gidan masu tsage, cikin maza, ɗaya nan ɗaya can, sai ka ga marainan sun kumbura sun yi tauri, ɓera yana jan gindi har ya kasa kai wa ga abinci. A ɗaya gidan ba ta taɓa gani ba ko sau ɗaya. Matan masu tsage ba sa kumbura, sai dai su haifi mazan da za su kumbura.

Dogo ya taɓa fassara mata abin da Nasaran ya ce, da irin Hausarsa ta manomi. Ya ce irin da za a yi ɗa da shi ne yake gaggawa. Maimakon ya jira a kai shi gona, sai ya tsiro tun yana cikin rumbu, ya fara gina ɗa a jikin uba, babu uwa, babu tsari, gashi nan, ƙashi can. Kuma wannan gaggawar ba daga abinci take ba, a cikin irin take, uba ya ba ɗa, uwa ta ɗauka ta wuce da ita.

"To mu mi ya kai mu ciyar da masu gaggawa da geronmu?" in ji Mariyama.

"Nasara ya ce ya daɗe yana nema kafin shi dace da gidan da ciwon ke bi. In sun ƙare sai a koma farko. Yanzu ƙasa za ta dawo hannunmu, za a yi lokotoro ɗan ƙasa, baƙi kamar ni. Ranar da ya ce ina zan fara, sai in ce ga su."

Bai ga ranar ba. Tari ya kama shi da farkon damina, aka binne shi tun gero bai kai gwiwa ba. Mariyama ta yi takaba tana auna wa ɓeraye gero, ta fita takaba tana auna musu. A bakin rijiya mata kan tsokane ta.

"Uwar Habi, yaya baƙin naki? Sun yi kalaci?"

"Sun yi. Sun ce in gaishe ki, wai in na gaza za su dawo rumbunki."

A yi dariya, kowa ta ɗauki tulunta. Har zuwa kaka abin bai wuce dariya ba.

Da kaka ne Inusa ya fara tafiya a buɗe. Inusa ɗan fari ne wurin Chindo da matarsa Balki, maƙwabtan Mariyama ta gabas, saurayi ne da ba a gayya sai da shi, bara ya yi aure. Abokai suka ɗauka gwaiwa ce, suna ta yi masa waƙa. Amma gwaiwa ruwa ce, tana da taushi, mai ita yakan tsufa da ita. Wannan kuwa tauri ya yi kamar goriba. Sai rama, sai zazzaɓi, sai ciwon baya. Wanzami ya yi ƙaho, malam ya yi rubutu, duk a banza. Daga ƙarshe Chindo ya ɗauko wani mai magani daga wajen Gazawa, ya lulluɓe Inusa da bargo, ya turara shi, ya ce ya faɗi abin da yake gani. Inusa yana haki cikin hayaƙi ya ce fari ne, idonsa ja.

Balki ta kwala ihu. Ita ce ta taɓa shiga ɗakin Mariyama aron rariya, ta ga ɓera mai tsage yana jan gindi, ta fito tana dariya tana ba mata labari. Yanzu ta tuna, babu dariya.

Kowa ya san maye ba ya cinye kurwa nan take. Yakan mayar da ita wata 'yar dabba, ya ɓoye a tukunya, yana ci a hankali, abin da ya samu dabbar shi ke samun mai kurwar. Kafin rana ta faɗi an gama haɗa zancen. Har mutuwar Dogo aka jawo aka ɗora a kai. Washegari Mariyama ta je rijiya, mata suka janye tulunansu, wata ta juya goyonta ta rufe masa fuska. Da la'asar ɗan aike ya tsaya daga bakin zaure, bai shigo ba, ya ce mai gari Sanda yana kiranta gobe da hantsi, za ta tsallake Inusa, yadda ake sa maye ya yi don ya saki kurwa.

Da sassafe Habi ta shigo, da jaririyarta a baya. A garin take aure, gidan ƙanen mai gari. Idanunta sun kumbura.

"Inna, ki tsallake shi a huta. Mi ke cikin tsallake? Ɗaga ƙafa ne. Na ji suna cewa in kin ƙiya za a sa wa ɗakin wuta."

Mariyama tana tsugune tana sheƙe ƙaiƙayi a faifai. Ba ta ɗago ba.

"Kwance ɗiyar nan ki ba ta nono, tana kuka."

Habi ta kwance goyo, ta zauna a turmi. Sai da jaririyar ta kama sosai, ana jin haɗiyarta, sannan Mariyama ta ajiye faifai.

"Wa ake sa wa tsallake?"

"Wanda ake zargi."

"A'a. Wanda ake zargi ana kallonshi ne kawai. Wanda ya tsallake ya amsa. Maita ta ina take bi?"

Habi ta sunkuyar da kai. Ta dubi bakin 'yarta.

"Faɗi mana, ai kin sani."

"Ta nono."

"To. In na ɗaga ƙafar nan yau, nonon da kika sha ya zama na mayya, wanda kike ba wagga ma haka. Ba za su kore ki yau ba, surukanki masu kunya ne. Za su dai daina cin tuwonki. Wagga kuma ta girma babu mai wasa da ita, ranar aurenta a tura bincike a ce jikar wadda ta tsallake ce. Ni na kusa kabari, Habi. Ba ƙafata ce zan ɗaga ba, taku ce."

Ta miƙe, ta ɗauko ƙwarya biyu masu murfi, ta zaɓi ɓeraye ta zuba, ta soke wata 'yar wuƙa ta Dakar a ƙugu.

A ƙofar gidan mai gari, ƙarƙashin gawo, gari ya cika. An kwantar da Inusa a tabarma a tsakiya, an rufe shi da zane har ƙirji, fuskarsa ta zama ƙashi da ido. Chindo yana tsaye a kansa. Balki tana zaune can gefe cikin mata, kanta a ƙasa. Mai gari Sanda tsoho ne mai son zaman lafiya, kuma a kwanakin nan abin da ya fi tsoro shi ne wata hayaniya ta kai kunnen jandarma, 'yan sandan gwamnati, a ce garinsa bai san an samu 'yanci ba.

Mariyama ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ajiye ƙwaryoyinta. Mutanen da ke kusa suka ja da baya.

"Mariyama," in ji Sanda, "ba don faɗa munka kira ki ba. Ga yaro kwance. Abin da munka tarar iyaye na yi shi za a yi. Ki aje mayafi, ki tsallake shi, ki kuskure baki a ba shi ruwan shi sha, ki saki dabbobin nan. Kowa shi koma sussukarshi."

"Ranka shi daɗe, in na tsallake bai warke ba fa?"

"Sai ki sake!" in ji Chindo.

"In ya warke?"

"Mun tabbata ke ce."

"Gaba kura, baya sayaki ke nan." Ta juya ga mai gari. "A ba ni dama in nuna abu guda."

Sanda ya ɗaga hannu. Ta buɗe ƙwaryar farko, ta ɗago ɓera ta wutsiya, ta nuna kunnensa lafiyayye, ta nuna cikinsa sumul. Ta buɗe ta biyu, ta ɗago mai tsage, kumburin yana reto. Ta faɗi abin da ta sani dalla-dalla, yadda za a faɗa wa yaro: gero ɗaya, ruwa ɗaya, ɗaki ɗaya, amma gida ɗaya kaɗai ciwon ke bi. Ta ce wannan da suke gani, ubansa lafiya ya mutu, amma ƙanen uban ya kumbura, kakansa ma haka, tun a Dakar, tun ba su taɓa shaƙar iskar garin nan ba.

"Kuna cewa kurwar mutum ce. To ku dubi abin da ke ciki."

Ta karya wuyan ɓeran da yatsa biyu yadda Dogo ya koya mata, ta kwantar da shi a murfin ƙwarya, ta tsaga kumburin. Ta baje shi da bakin wuƙa. Ga wani dunƙulen gashi a nannaɗe, ga ɗan guntun ƙashi, ga wani farin abu mai kama da haƙori.

A ranta ta ɗauka da sun gani za su gane, kamar yadda ita ta gane ranar da aka fara nuna mata. Ta manta ita sai da ta yi kwanaki ba ta iya cin nama ba.

"A'uzubillahi!" wani ya yi ƙara. "Mutum ne ta fara ginawa!"

"Gashinshi ne! Gashin Inusa ne!"

Mata suka watse suna salati. Wani ya jefo hoge, ya fashe kusa da gwiwarta. Inusa ya ɗago kai ya gani, ya saki wani nishi, ya koma. Mariyama ta dubi wuƙar da ke hannunta, ta san ta ƙara wa wutar kara da hannunta. Ta goge wuƙar a ƙasa, ta mayar ƙugu, ta miƙe tsaye, abin da mace ba ta yi a gaban mai gari.

"Chindo, ɗaga hannunka."

"Mi?"

"Hannunka na dama. Ai ba ka ɓoye shi in kana ciniki."

Bai ɗaga ba, amma idon kowa ya tafi can. Kusa da ƙaramin yatsansa akwai na shida, ɗan guntu mai farce, wanda ya ba shi sunan. A wasu gidaje ungozoma kan ɗaure shi da zare ya faɗi tun ana jego. A gidansu ba a yarda, sun ce yatsan arziki ne. Hannun Inusa da ya fito daga zane ma yana da shi.

"Wa ya kama kurwarka har ta tsiro maka yatsa?"

Wani daga baya ya yi dariya, ya haɗiye.

"Na ubana ne," in ji Chindo. "Shi ma na ubanshi. Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrafe."

"Madalla. Yatsa kun yarda gado ne, don kuna taƙama da shi. Maita kun yarda gado ce, don a gidan wani take. Ciwo kaɗai ne ba shi da uba?"

"Mariyama, kama bakinki," in ji Sanda.

"Ranka shi daɗe, ni aka ce in tuɓe a gaban gari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ta sake fuskantar Chindo. "Ina yayanka Bakari? Mi ya kashe shi?"

Dattawa suka dubi juna, ɓerayen na ta karce ƙwarya.

"Ina amarya lokacin. Ni na daka garin kunun da aka riƙa kai mai, uwarku ta roƙe ni don hannunta ya gaji. Na ga tafiyarshi kafin shi kwanta, ita ce tafiyar yaron ga. Kunka ce maciji ne. Da ƙanen ubanku da aka kai bukkar gona shi mutu can don kada a gani, shi ma maciji? Macijin ga gidanku kaɗai ya sani? A lokacin ban san inda Dakar take ba. Ɓerayen ga ko kakannin kakanninsu ba a haifa ba."

Chindo ya zaburo, maza biyu suka riƙe shi. Yana zagi, yana kiran uwarta da ubanta, amma Mariyama ba bakinsa take kallo ba. A idonsa ta ga abin da ba ta zata ba. Ya sani. Tun ranar da ya ga tafiyar ɗansa ya sani. Yana da wasu 'ya'ya maza a bayan Inusa, yana da 'ya'ya mata da za a zo nema. In mayya ce, an kore ta an huta. In jini ne, ina za a kore shi? Tausayinsa ya kama ta. Amma tausayi bai kai ya ɗaga mata ƙafa ba.

"Ba zagin gidanku nake ba," ta ce, murya ƙasa. "Ba laifin kowa ba ne, kamar yadda yatsan ba hikimar kowa ba ce. Ku kai shi Maraɗi, akwai masu yanka a asibiti. Ko na tsallake shi har rana ta faɗi, abin da ke cikin nan ba shi jin tsallake."

Cikin mata Balki ba ta motsa ba. Tana ta jan zaren bakin zanenta.

Sanda ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce an taru don a kashe wuta ɗaya, ga shi an kunna biyu. Ya ce Mariyama ta tone asirin gida a bainar jama'a, kuma ta nuna abin da ido bai saba gani ba, ba zai iya ba da tabbacin ɗakinta zai kwana lafiya ba. Ya ce zai sake tambaya, daga wannan babu wata.

"Ki tsallake ki zauna cikinmu, ko ki bar garin ga kafin Juma'a."

"Na zaɓa, ranka shi daɗe. Korarre shi kaɗai aka kora. Maye har jikan jikanshi."

Ta tattara ƙwaryoyinta, har da gawar ɓeran, ta bi ta gefen tabarmar, nesa da ƙafafun Inusa, ta wuce.

Ba ta jira Juma'a ba. Ranar Alhamis da hantsi, lokacin da kowa ke waje, ta ja ƙofar ɗakinta. Ba ta nemi mai rakiya ba, amma tana fitowa ta tarar da Habi a zaure, da goyo, ta riga ta naɗa gammo. Habi ta ɗora akwatin ƙarfen a kanta. Ba su bi ta bayan gari ba. Ta tsakiya suka bi, ta bakin rijiya, ta gaban masu sussuka, ta ƙofar gidan surukan Habi, inda uwar mijinta ke tsaye da muciya. Tsohuwar ta dube su, ta dubi akwatin, ta ce da Habi ta yi sauri ta dawo, ita ce da tuwon dare. Mariyama ta ji wannan, ba ta juya ba, amma tafiyarta ta ƙara sauƙi.

A Cadawa, bakin babbar hanya, Habi ta sauke akwatin ta koma. Lokacin awon gyaɗa ne, motoci na wucewa Maraɗi da buhuna har sama. Mariyama ta zauna a inuwar itacen bedi. Abin da ke ranta shi ne ta kai ɓerayen asibiti, ta tambaya ko an yi lokotoron da Dogo ke jira. In ba a yi ba, tana da 'yar ɗakinsu a garin, kuma gero ko'ina gero ne.

Rana ta take tsaka sai ta hango mutum biyu ɗauke da gadon kara, mace na biye. Da farko ta ɗauka makara ce, ta fara salati. Da suka matso ta ga 'yan'uwan Balki ne, na kan gadon kuma yana motsi. Suka sauke shi a ɗaya gefen inuwar. Balki ta zauna, ba kusa ba, ba nesa ba.

"Mai gida ya tahi kasuwa tun asuba," in ji Balki, tana kallon hanya. "Bai ce in kai shi ba, bai ce kada in kai shi ba. Ya dai bar awaki biyu ɗaure a zaure."

"Allah shi ba da lafiya."

"Amin." Balki ta gyara wa Inusa zane. "Ni ma na ga Bakari. Ni ke wanke mai zane."

Inusa ya juyo da kai wajen Mariyama. Muryarsa kamar ta tsoho.

"Inna, in an yanke ana rayuwa?"

"A ɓera na ga waɗanda sunka rayu, na ga waɗanda ba su rayu ba. A mutum ban gani ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Za mu tambaya."

Wata mota ta tsaya, ta cika da gyaɗa, sai ɗan fili a baya wurin ƙofa da wani lungu can gaba tsakanin buhuna. 'Yan'uwan Balki suka ɗaga Inusa suka shimfiɗe shi a gicciye a bakin ƙofar, don nan kaɗai zai iya miƙewa. Balki ta hau ta takure a wajen kansa. Aka miƙa akwatin aka tura ciki. Saura Mariyama. Ta kama ƙarfe za ta hau, sai ta tsaya. Daga wannan gefe zuwa wancan, Inusa ne kwance.

"Gwaggo, tsallake shi ki shige!" in ji direba daga gaba. "Rana na yi, ko kin zo kallon mota ne?"

Balki ta sunkuyo. Hawaye na bin kumatunta.

"Uwar Habi, na yarda da maganarki, wallahi na yarda, ga shi na kawo shi. Amma ki dubi Allah. Babu ɗan garinmu a nan, waɗannan 'yan ɗakinmu ne, ba su faɗi. Ɗaga ƙafa ne kawai, ki wuce wurin zamanki. Ko don zuciyata ta kwanta."

Mariyama ta dube ta. Ta san wannan kukan, ita ma ta binne 'ya'ya kafin Habi.

"Balki, in ya warke, kina iya rantsuwa ba za ki ce a ranki tsallaken ne ba?"

Balki ta kau da kai, ta share hawaye da gefen zane.

Mariyama ta saki ƙarfen, ta zagaya gefen motar. Ta ɗaure zane tamau, ta taka taya, ta kama katako. Direba ya leƙo yana faɗa, yana tambaya ko tsohuwar nan ta haukace, ga ƙofa a buɗe tana hawan bango kamar ƙadangare. Masu talla suka taru suna dariya. Ƙafarta ta zame sau ɗaya, katako ya yage mata gwiwa. Ta sake kamawa. Ta kai sama, ta mirgina kan buhuna, ta gangara cikin lungun, kusa da akwatinta, tana haki.

Mota ta tashi. Zafi ya sauko, ƙurar gyaɗa na shiga hanci. Bayan sun wuce gonakin Cadawa Balki ta kwance gorar ruwa, ta miƙo ta saman buhu.

"Sha, kin wahala."

Mariyama ta karɓa. Maƙogwaronta ya bushe kamar ɓawo. Ta dubi bakin gorar, ta dubi leɓɓan Inusa da suka tsattsage, waɗanda za su sha bayanta. Ta dubi Balki, ba ta iya gane ko alheri ne ko dabara ba, ta ga alama Balkin ma ba ta sani ba. Ta buɗe akwatin, ta tsiyaya ruwan a tafin hannu, ta miƙa wa masu tsage, ta sake tsiyayawa ta miƙa wa masu lafiyayyen kunne. Ta toshe gorar ta mayar.

"Ba shi shi sha," ta ce. "Bakina bai taɓa ba, kin gani da idonki."

Da ƙishirwarta ta shiga Maraɗi.